Taron Masu Rubuta Manhajar Zane a Ƙasar Waje: In Je, ko In Sayi Kwamfuta?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni matashi ne mazaunin Jos, na kammala karatun kimiyyar kwamfuta shekara biyu da suka wuce, kuma zuciyata ta karkata ga rubuta manhajar zane ta 3D. Har yanzu da tsohuwar laftof nake aiki. Na tara ɗan kuɗi daga ayyukan da nake yi wa masu zanen gine-gine, kuma ina jin labarin manyan tarurruka irin su SIGGRAPH, inda masu rubuta manhajar manyan kwamfutocin zane ke haɗuwa. Shin in zuba kuɗin nan in halarci taron, ko in sayi babbar kwamfuta? Kuma me ake samu a can wanda ba zan samu a YouTube ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tambayarka biyu ce a haɗe: ta farko ita ce mene ne ainihin amfanin irin wannan taro, ta biyu kuma ita ce ko amfanin ya kai ka sadaukar da kuɗin da za ka sayi kayan aiki. Ra'ayina shi ne ka fara da kwamfuta da tsayayyiyar wutar da za ta riƙe ta, ka bar taron zuwa lokacin da kake da wani aiki a hannu da wata matsala da ta gagare ka. Amma ba na so ka ɗauki wannan a matsayin raina taron, domin ni kaina na halarci irinsa sau biyu, kuma ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen ya canza yadda nake rubuta manhaja har yau. Bari in bi da kai ta dalilan domin ka auna da kanka.

Inda waɗannan tarurruka suka samo asali

Kafin kwamfutar gida ta iya zana wani abin kirki, akwai wani rukuni na kwamfutoci masu tsadar gaske da aka ƙera musamman domin zane, waɗanda kamfanonin injiniya da masu shirya fina-finai da manyan jami'o'i ne kawai ke iya sayensu. Kamfanin da ya fi yin suna a wannan fage shi ne Silicon Graphics, wanda Jim Clark ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1980. Kamfanin shi ke ƙera injin, shi ke rubuta manhajar da ke tafiyar da shi mai suna IRIX, kuma shi ke da tsarin umarnin zane mai suna IRIS GL wanda dole mai rubuta manhaja ya bi kafin ɗigo ɗaya ya bayyana a fuskar kwamfuta. A irin wannan yanayi, wanda ke rubuta manhaja a kan injin ya dogara kacokan ga kamfanin, kuma tunda bayanai a littattafan takarda suke, hanya mafi sauri ta sanin abin da ke tafe da warware abin da ya cije ita ce mutum ya je taron da kamfanin ke shiryawa, ya zauna da injiniyoyin da suka ƙera abin. Daga nan al'adar ta kafu.

A gefe guda kuma akwai SIGGRAPH, taron da ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ke shiryawa, wanda aka fara a garin Boulder na jihar Kolorado a 1974. Shi wannan ba na kamfani ɗaya ba ne, dandali ne da masu bincike ke gabatar da sababbin dabaru. A nan ne Jim Kajiya ya gabatar da lissafin yadda haske ke yawo tsakanin abubuwa a 1986, lissafin da kusan duk manhajar da ke fitar da hoto mai kama da gaske ta ginu a kansa. A wannan taro ne kuma, a birnin Vancouver na Kanada a 2018, kamfanin NVIDIA ya nuna katunan zane na RTX (kati shi ne sashen kwamfuta da ke lissafin hoton da ke fitowa a fuskarta) masu sashe na musamman domin bin sawun haske. Ka lura da tazarar da ke tsakanin shekarun nan biyu, za ta taimaka maka ka gane cewa yawancin takardun binciken da ake karantawa a can ba abin da za ka yi wa mai gini aiki da shi a wata mai zuwa ba ne.

Abin da ya faru da waɗancan manyan injuna kuwa yana da alaƙa kai tsaye da aljihunka. A 1992 Silicon Graphics ta buɗe tsarin umarninta ga sauran kamfanoni da sunan OpenGL. A 1999 NVIDIA ta fitar da katin GeForce 256, daga nan katunan wasannin kwamfuta masu araha suka yi ta ƙara ƙarfi har suka cinye kasuwar injuna masu tsada. Silicon Graphics ta shiga matsalar fatara a 2006, ta sake shiga a 2009 aka sayar da ita. Kula da OpenGL ya koma hannun ƙungiyar Khronos a 2006, ita kuma ta fitar da sabon tsarin umarnin zane mai suna Vulkan a 2016. Saboda haka abin da ake kira babbar kwamfutar zane a yau kwamfuta ce ta tebur da aka sa wa kati mai ƙarfi da ƙwaƙwalwa mai yawa, wadda za a iya haɗa maka ita a Wuse ka ɗauko ta a mota zuwa Jos. Abin da tsofaffin masu sana'ar nan suka yi ta mafarkin taɓawa, kai kana iya mallakarsa.

Abin da ke cikin taron

Idan ka shiga irin wannan taro za ka tarar da abubuwa iri uku suna gudana a lokaci guda. Akwai takardun bincike, akwai darussa da jawabai inda injiniyoyin kamfanoni ke bayyana yadda suka gina wani abu, sannan akwai zauren baje koli da farfajiya inda ake haɗuwa ido da ido. Na farko da na biyu, gaskiyar magana, yawancinsu suna zuwa intanet. Masu bincike da yawa na ɗora takardunsu a shafukansu, Khronos na ɗora jawaban taronta na Vulkanised a YouTube, NVIDIA na ajiye jawaban taronta na GTC ga wanda ya yi rajista, taron Blender (manhajar zanen 3D ta kyauta) da ake yi a Amstadam ta Holan ma ana nuna shi kyauta. A gida ma ka fi fahimtar jawabi mai nauyi, domin kana iya tsayar da shi, ka koma baya, ka buɗe kwamfuta ka gwada abin da aka faɗa, alhali a zauren taro jawabai da dama ke tafiya a lokaci ɗaya kuma ɗaya kawai za ka iya zama a ciki.

Na ukun ne ba ya zuwa YouTube, kuma shi ne abin da mutum ke biyan kuɗin jirgi dominsa. Bari in ba ka misali daga aikina.

Shekarun baya muna gina wata manhaja a Abuja wadda ke ba mai gini damar yawo a cikin gidansa kafin a aza tubali. Na rubuta ta da Vulkan, kuma a kan kwamfutata komai lafiya lau. Da muka kai ta ofishin wani mai zanen gine-gine wanda katinsa na wani kamfani ne daban, sai inuwar ginshiƙan baranda ta fara ƙyaftawa: a hoto ɗaya tana nan, a na gaba ta ɓace ko ta fito da baƙaƙen murabba'ai. Na shafe makonni ina bin matsalar, na yanke hukunci a raina cewa laifin direban katin ne, wato manhajar da ke tsakanin katin da sauran kwamfuta. Kafin tafiyata taro, na rage manhajar zuwa ɗan ƙaramin misali, bene ɗaya da ginshiƙi ɗaya da fitila ɗaya, na sa a filas. A rana ta biyu na sami rumfar kamfanin da ya ƙera katin, na jira har wani injiniya ya gama da mutanen gabana, na ce masa ina da matsalar da zan iya nuna masa cikin minti biyu. Ya jawo kujera, ya buɗe misalin da RenderDoc, manhajar kyauta da ke kama hoto ɗaya ta nuna maka duk umarnin da ya haife shi ɗaya bayan ɗaya. Ya bi jerin da yatsa, ya tsaya tsakanin inda nake rubuta taswirar inuwa (hoton da kati ke fara lissafawa domin sanin inda haske bai kai ba) da inda nake karanta ta, ya tambaye ni ina shingen. A Vulkan, katin ba ya jiran wani aiki ya ƙare kafin ya fara na gaba sai idan kai ka umarce shi, kuma wannan umarnin dakatawa shi muke kira shinge. Nawa shingen bai rufe matakin da ya kamata ba. Katina na gida yana gama aikin farko da wuri ne bisa yadda aka ƙera shi, shi ya sa kuskuren ya ɓuya, ɗayan katin kuma ya tona shi. Gyaran layuka kaɗan ne. Amma bayan haka mutumin ya ƙara minti ashirin yana zana mini a takarda yadda katinsu ke raba aiki, kuma wannan takardar tana cikin durowata har yanzu.

Abin da nake so ka gani a labarin shi ne abin da ya sa tattaunawar ta yiwu. Ina da manhajar da na rubuta da hannuna, ina da kwamfutar da na gwada ta a kai, kuma ina da matsalar da na matse har ta zama ƙarama. A tafiyata ta farko ba ni da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na zagaya, na ga abubuwan mamaki, na karɓi takardun talla, na dawo da ƙwarin gwiwa, wanda ba laifi ba ne, amma ƙwarin gwiwar bai kai kuɗin da na kashe ba. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a wannan sana'a haka abin yake: injiniyan da ke rumfa ba zai koya maka daga farko ba, amma zai ba ka lokacinsa da farin ciki idan ka zo da tambayar da ta nuna ka sha wahalar aikin.

Kwamfutar da za ka saya

Tunda shawarata ta karkata nan, ya kamata in yi maka bayani dalla-dalla. Kada ka bari a ruɗe ka da katunan da ake kira na ƙwararru. Abin da ake biya a kansu shi ne ƙwaƙwalwa mai yawa, wasu da tsarin gyara kuskuren ƙwaƙwalwa, da direban da manyan kamfanonin manhajar injiniya suka gwada suka amince da shi. Wannan yana da amfani ga kamfanin da asarar yini ɗaya ke jawo masa babbar hasara, amma ga mai koyo da ƙaramin ɗan kasuwa, katin wasanni matsakaici yana gudanar da OpenGL da Vulkan iri ɗaya. Abin da za ka fi dubawa shi ne yawan ƙwaƙwalwar katin, domin gini mai ɗakuna da yawa da kayan ado yakan cika ta kafin ƙarfin lissafin katin ya ƙare. Idan na hannu za ka saya, ka sa a kunna shi a gabanka, a ɗora masa aiki mai nauyi na akalla rabin awa kana kallon zafinsa da fuskar kwamfutar.

Kada kuma ka sayar da tsohuwar laftof ɗinka. Ita ce kwamfutarka ta gwaji, musamman idan sashen zanenta na wani kamfani ne daban da na sabon katin. Masu ba ka aiki ba su da irin injinka, kuma manhajar da za ta yi tafiya sumul dole ta fitar da hotuna 60 a daƙiƙa ɗaya, wato kowane hoto yana da milisakan 16 da ɗoriya. A fuska mai ɗigo 1920 sau 1080 kana cika ɗigo fiye da miliyan 2 a wannan ɗan lokaci, a fuskar 4K kuwa fiye da miliyan 8. A kan raunanniyar kwamfuta ne za ka koyi inda lokacin ke zurarewa.

Sai maganar wuta, wadda jawaban ƙasashen waje ba sa taɓawa domin ba damuwarsu ba ce. Manyan katuna irin su RTX 4090 na iya jan wat 450 su kaɗai, ban da sauran kwamfutar da fuskarta. Wannan wani dalili ne na zaɓar matsakaicin kati, domin duk ƙarin wat da kati ke ja ƙarin kuɗin batir ne da inbata ko man janareta. Ka ware kaso mai tsoka na kuɗinka ga inbata mai kyau da abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Na taɓa barin aikin fitar da hotuna ya kwana yana tafiya, wuta ta ɗauke da asuba, na tashi na tarar da aikin awa tara ya tafi saboda na sa shi ya rubuta bidiyo ɗaya kai tsaye. Tun daga ranar nake fitar da kowane hoto a fayil ɗinsa, in haɗa su daga baya, ta yadda idan wuta ta yanke zan ci gaba daga inda aka tsaya. Kai da ke Jos kana da sa'ar sanyin gari, wanda ke rage wa kati zafi fiye da mu na Abuja, amma ƙurar hunturu ba ta ƙyale kowa. Idan ta toshe fankar kati, katin da kansa zai rage gudu domin kada ya ƙone, kai kuma ka yi ta neman kuskure a manhajarka alhali ƙura ce. Ka buɗe akwatin ka hure shi a kai a kai daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Idan lokacin tafiya ya yi

SIGGRAPH yawanci a watan Yuli ko Agusta ake yin sa a Amurka ko Kanada, kuma tun 2008 akwai reshensa na Asiya da aka fara a Singafo, wanda ake yi wajen ƙarshen shekara. Taron yana da tsarin ɗalibai masu aikin sa kai, inda ɗalibi ke taimakawa da hidimar zaure a ba shi damar shiga, don haka idan ka koma karatun digiri na biyu ka nemi wannan. Akwai kuma sashen da ake manna taƙaitaccen aiki a allo mai shi ya tsaya ya yi bayani, wanda shigarsa ta fi sauƙi a kan cikakkiyar takardar bincike, kuma wasiƙar karɓar aikinka hujja ce mai kyau a wurin neman biza da neman tallafi. Ka tuna kuɗin neman biza ba a mayar da shi idan an hana, ranar ganawa a ofishin jakadanci tana iya yin nisa, saboda haka kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito.

Ga mai irin aikinka, ina ganin taron Blender ya fi dacewa da tafiyar farko. Ya fi ƙanƙanta, ya fi kusa, kuma waɗanda ke rubuta manhajar suna zaune a cikin jama'a. Tarihin Blender ma yana da darasi a gare ka: Ton Roosendaal ya fara rubuta ta ne a kan injin Silicon Graphics, kuma a 2002 masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 aka fanshe ta ta zama ta kowa. Ma'anar wannan ita ce kana iya karanta yadda aka rubuta ta, ka kai rahoton kuskure, ka aika gyara daga ɗakinka a Jos. Wanda ya yi shekara yana haka, ranar da ya isa Amstadam sunansa ya riga shi zuwa.

Kafin nan kuma kada ka raina abin da ke kusa da kai. Jos na da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, da Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, da Jami'ar Jos, kuma a waɗannan wurare akwai matasan da ke fama da zane da motsa hoto amma ba su san yadda injin ke aiki ta ciki ba, kamar yadda kai ma kake buƙatar idon mai zane. Tarurrukan masu rubuta manhaja da ake yi a Jos da Abuja, irin su DevFest, sun fi karkata ga shafukan intanet da manhajar waya, wanda ke nufin idan ka nemi a ba ka minti ashirin ka nuna yadda ake haifar da hoto ɗaya daga umarnin farko zuwa ɗigon ƙarshe, za ka kawo abin da ba kasafai ake ji ba. Ko mutum takwas kuka samu, ku haɗu sau ɗaya a wata, ku kalli jawabi ɗaya na waɗancan tarurruka tare, kowa ya zo da hoton da ya kama da RenderDoc a bincika shi a gaban jama'a. Mu a Abuja da haka muka fara, a ofishin wani abokinmu bayan sallar la'asar ranar Asabar.

Dole in faɗa maka iyakar shawarata. Aikina duka a fagen nuna gine-gine da kayan injiniya yake, kuma da wannan ido nake auna riba da hasara. Idan burinka bincike ne, kana neman malamin da zai ɗauke ka digiri na uku, lissafin ya canza, domin a SIGGRAPH ne malaman fannin ke taruwa kuma haɗuwa ɗaya na iya buɗe maka ƙofar da kwamfuta ba za ta buɗe ba. Idan kuma wasannin kwamfuta ka nufa, taron GDC na San Faransisko ya fi kusa da buƙatarka. Haka nan idan wani kamfani ko wata hukuma ta ɗauki nauyin tafiyarka a bana, ka tafi kawai, domin duk abin da na faɗa a kan kuɗin aljihunka ne. Nauyin da ke kanka na gida kuma kai ka san shi, ka shawarci iyayenka kafin ka taɓa kuɗin.

Duk ranar da Allah ya nufa za ka tafi, ka tanadi abu uku tun daga gida: bidiyon minti ɗaya na aikinka a wayarka wanda zai buɗe ko babu intanet, ƙaramin misalin matsalar da ta gagare ka a filas tare da sunan kati da lambar direban da ta bayyana a kansu, da tambayoyi uku a rubuce, kowace da sunan rumfa ko mai jawabin da za ka kai masa. Ka duba jadawalin taron mako biyu kafin tashi, ka bar akalla rabin kowace rana babu jawabi domin zauren baje koli. Allah ya yi jagora, ya sa albarka a abin da ka tara.